Inda Ruwan Damina Ya Ke Tafiya

Kai mai karatu, na san ka sha tsayawa a bakin ƙofa da damina, kana duban ruwa yana zuba daga indararo, ya bi rariya ya fita waje, ya gamu da na maƙwabta, ya yi ƙorama a kan hanya. Bayan sa'a ɗaya ko biyu ka fito, ka tarar babu shi, sai taɓo da 'yan kududdufai. To, ina ya tafi? In ka tambayi yaro, sai ya ce maka ƙasa ta shanye. Gaskiyarsa, amma bai faɗi ko rabin labarin ba. Ina so mu bi ruwan nan a baya, kamar yadda maharbi ya ke bin sawu, tun daga inda ya taso har inda ya ƙare. Za mu ɗauki kogi ɗaya mu bi shi, watau wanda a ke kira kogin Haɗeja, in ya yi gaba kuma a ce da shi Yobe, gama wanda ya gane halin kogi ɗaya ba zai sha wuyar gane na sauran ba.

Mafarin ruwan sama

Ka dubi tukunya a kan murhu. In ruwa ya yi zafi tururi ya kan tashi, in kuwa ka ɗaga murfin sai ka ga ruwa ɗigo-ɗigo a jikinsa ta ciki. Tururin nan ne ya taɓa murfi mai sanyi ya koma ruwa. Abin da ke faruwa a sama ke nan. Rana ita ce wutar, teku ita ce tukunyar, sanyin da ke can sama kuwa shi ne murfin. Kada ka ce ai teku ba ta tafasa. Rigar da aka shanya ma ba tafasa ta ke yi ba, amma ta kan bushe, domin ruwanta ya zama tururin da ido ba ya gani, ya bi iska. Masana sun ƙiyasta kashi 97 cikin 100 na dukan ruwan duniya yana cikin teku, ruwan gishiri ne kuwa, ba ya shayuwa. Amma sa'ad da ya ke tashi ya kan bar gishirin a baya, shi ya sa ruwan sama ya ke da daɗi.

Tekun da ke ciyad da mu ita ce Atilantika, wadda ke kudu da Ikko. Da bazara rana ta kan gasa ƙasashen arewa, iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi sama, sai iskar teku mai laima ta taso daga kudu maso yamma ta maye gurbinta. Za ka ce, "A'a, malam, ai mu daga gabas mu ke ganin hadari yana tasowa." Haka ne, ni ma na daɗe abin nan yana ɗaure mini kai. Ashe iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa ita ke kawo laima daga kudu, ta can sama kuwa daga gabas ta ke busowa, ita ce ke tura gizagizai yamma bayan sun haɗu. Iskar tekun nan tana tafiya tana zubad da kayanta, sabo da haka gwargwadon nisanka arewa, gwargwadon ƙarancin rabonka, da gajartar daminarka.

Da a ce ruwan shekara guda zai tsaya inda ya zuba, bai gangara ba, bai nutse ba, bai bushe ba, da a Jos ya kai wa mutum ƙirji, watau wajen milimita 1,300. A Kano ya kai kusan kwankwaso, wajen milimita 800. A Nguru iyakarsa gwiwa. A bakin Tafkin Cadi ta wajen arewa kuwa da kyar zai rufe ƙwauri. Ka riƙe wannan a zuciyarka, gama shi ne gindin maganarmu duka: mutanen ƙasan kogi da ruwan da ya zuba a ƙasar wasu su ke rayuwa.

Abin da ya sa Jos ta fi samu, ban da kasancewarta kudu, shi ne tudu. Garin yana bisa wajen mita 1,200 daga bakin teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai wajen mita 1,800. Mita ɗaya ta ɗara yadi ɗaya kaɗan. In iska mai laima ta zo ta ci karo da tudu irin wannan, tilas ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi kuwa sai ta saki ruwa.

Marabar ruwa

Ka lura da ɗakin jinka sa'ad da a ke ruwa. Ɗigon da ya faɗi gabas da ƙololuwa ta gabas ya ke sauka, wanda ya faɗi yamma da ita ta yamma, ko da ya ke tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Tudun Jos haka ya ke ga ƙasarmu. Turawa suna da suna guda domin irin wurin nan. Na nemi kamarsa cikin Hausa ban gamsu da ko ɗaya ba, sai in kira shi marabar ruwa. Ruwan da ya gangara yamma shi ne mafarin kogin Kaduna, wanda ya ratsa garin Kaduna, ya wuce Zungeru, ya faɗa Kwara. Wanda ya gangara gabas ya zama Gongola, ya nufi arewa kamar zai tafi Barno, sai ya karya kudu a wajen Nafaɗa, ya faɗa Binuwai a Numan. Waɗannan biyu, bayan sun rabu a kan dutse ɗaya, su kan sake gamuwa a Lakwaja, su tafi tare su koma tekun da suka fito. Amma ruwan da ya gangara arewa, ya bi rafin Dilimi wanda ya ratsa garin Jos, ya zama kogin Bunga, ya zama Jama'are, shi kam ba zai ga teku ba. Ƙasar da ya nufa kwari ce babba, ba ta da ƙofa ta wajen teku, kamar akushi, Tafkin Cadi kuwa yana cikinta.

Tun daga nan ruwa ya ke soma aikinsa na biyu, watau sassaƙar ƙasa. Muna cewa abu ya yi ƙarfi kamar dutse, amma dutse ma yana ruɓewa, sai dai a hankali ƙwarai. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsagarsa ya kwana, saiwar itace ta bi ta ƙara buɗa ta. Yau da gobe sai bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi ya sa manyan duwatsu irin Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi su ke da kai sumul. In ka ɗauki gutsuren irin dutsen nan ka duba, za ka ga ƙwayoyi iri iri. Masu ƙyalli kamar gilashi ba su ruɓewa da sauƙi, su ne su kan zama yashi. Farare da jajayen nan masu duhu su ne su kan narke su zama yumɓu. Ashe yashin magini da yumɓun mai tukwane uwa ɗaya ta haife su.

Dala da Goron Dutse na cikin birnin Kano wani iri ne dabam. Kansu shimfiɗaɗɗe ne, an rufe shi da marmara mai tauri, mai tama a ciki, wadda maƙeran farko suka narkar. A zamanin da ba a iya ƙidayawa da kakanni, fuskar ƙasar wurin duka tana can daidai da kansu. Ruwa ne ya kwashe abin da ke kewaye kaɗan kaɗan, ya bar inda marmara ta yi kauri. In ka hau Dala ka dubi birni a ƙasa, ka sani duk sararin nan da ke tsakaninka da rufin gidaje dā ƙasa ce, ruwan damina ya ɗauke ta.

Ina ya kai ta? Ga abin da za ka gwada da kanka. Ka ɗebo ruwan ƙorama a kwalba sa'ad da ya ke ja wur, ka ƙara masa ɗan yashi da tsakuwa, ka girgiza, ka ajiye. Nan da nan tsakuwa za ta kwanta, yashi ya bi ta, amma laka sai ta kwana kafin ruwan ya yi garau. Haka kogi ya ke yi. Inda gangare ya ke da tsanani yana da ƙarfin mirgina duwatsu. Da ya fito sarari ya rage gudu sai ya yar da tsakuwa, gaba kuma ya yar da yashi, laka mai laushi kuwa ya tafi da ita can nesa inda ya ke malala. Jan ruwan nan da ka ke gani yana fita daga gonarka, naman gonar ne ya ke tafiya. Ba a hana shi ɗungum, amma gonar da aka share ƙaf, babu itace, babu kara, aka kuma yi mata kunya a miƙe bin gangare, ita ta fi saurin ramewa, har wata rana kwazazzabo ya raba ta biyu.

Daga Wudil zuwa fadama

Kogin Haɗeja kansa daga koguna biyu ya samu. Kogin Kano ya taso daga duwatsun da ke gefen tudun Jos ta arewa, Calawa kuwa daga wajen ƙasar Katsina. Sun gamu kusa da Tamburawa, kudu da birnin Kano, suka wuce ta Wudil. Tsofaffin wurin za su gaya maka, kafin a yi madatsun ruwa, da rani kogin nan yashi ne fari fat, jaki ya kan ƙetare shi kofatonsa bai jiƙe ba, da damina kuwa sai ya cika ya batse har ya kan ci mutane. Amma ko a tsakiyar rani, in ka tona yashin nan kamu ɗaya ko biyu, sai ruwa ya taru a ramin. Kogin yana nan, ya shige ƙarƙashin shimfiɗarsa ne kawai.

Gabas da Wudil ƙasa ta kan sāke, ko da ya ke matafiyi ba zai gani da ido ba. A wajen Kano da Zariya, in ka haƙa rijiya, ba ka daɗewa sai ka iske dutse. Ruwan da a ke samu yana cikin ruɓaɓɓen bayansa ne da tsagoginsa, shi ya sa rijiya ɗaya ta kan yi ruwa, ta kusa da ita ta ƙi. Amma daga can gabas dutsen ya kan nutse ƙasa, a bisansa kuwa akwai yashi da laka hawa bisa hawa, waɗanda koguna da tafkuna na dā suka jibge, har kaurinsu ya kai ɗaruruwan mita a wajen Barno. Kogi in ya hau irin wannan ƙasa ya daina karɓa, sai bayarwa. Ƙananan rafuffuka ba su ƙara masa kome, yashi kuwa yana ta shansa.

Bayan wannan kuma ga jigayi sun tare masa hanya. Wajen shekara 20,000 da suka wuce an yi wani zamani na fari mai tsawo, hamada ta gangaro kudu har ta kai ƙasar Kano, iska ta jera tuddan rairayi dogaye, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Daga baya ruwa ya komo, ciyawa da itatuwa suka ɗaure su, suka tsaya cik. Su ne tuddan da a ke noma gero a kansu yau, daga irinsu ne kuma Jihar Jigawa ta sami sunanta. Da kogi ya iso tsakaninsu, ga ƙasa shimfiɗe, sai ya rasa hanya guda, ya rarrabu reshe reshe, ya malala cikin kwaruruka. Wannan ita ce babbar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, inda Jama'are ma ya ke zuwa ya baje nasa ruwan.

Baƙo in ya ga wurin nan a watan Satumba sai ya ce ɓarnar ruwa a ke yi, kogi ya watse a daji a banza. Amma ka tambayi mutanen wurin. In ruwa ya soma hawa a shuka shinkafa. Kifi ya kan biyo ambaliya ya yi ƙwai cikin ciyawa, masunta su samu. In ruwa ya janye ya bar laka mai danshi, a shuka wake da kubewa da sauransu ba tare da ban ruwa ba, a kafa lambu a bakin gulbi. Can da rani ya yi tsanani, daji ya ƙone, Filani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Fili ɗaya, amfani uku ko huɗu cikin shekara, laka sabuwa kuwa kowace damina, ba a biya ko anini ba. Har tsuntsaye su kan taso daga Turai, su ƙetare hamada, su yi hunturu a nan.

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Akwai wani amfanin kuma wanda ya fi waɗannan ɓoyuwa. Ka cika ƙwarya da yashi, ka zuba ruwa a hankali har ya ɓace, sa'an nan ka tona rami da yatsa a tsakiya. Za ka ga ruwa ya tsaya a cikin ramin. Ka haƙa rijiya ke nan. Mutane da yawa suna tsammani akwai wani kogi mai gudu a ƙarƙashin ƙasa, mai sa'a ya faɗa kansa. A irin ƙasarmu ba haka ba ne. Ruwan yana tsakanin ƙwayoyin yashi ne, kamar yadda ya ke cikin soso, yana tafiya kuwa, amma tafiyar da hawainiya ma ta fi ta sauri nesa. In ka riƙa ɗiba daga ƙwaryar nan ba ka ƙarawa, ruwan ramin zai yi ta sauka har ya ƙafe. To, ambaliyar da ta kwana wata biyu ko uku a kan fadama ita ce mai ƙara wa ƙwaryar. Tana nan kwance tana tsatsafawa ƙasa, ta bi yashi ta tafi ƙarƙashin tudu. Mace tana jan guga a ƙauyen da ba a hango kogi daga cikinsa, ba ta kuwa san ruwan Jos ta ke ja ba.

A Barno akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Can ƙasa ƙwarai akwai shimfiɗun yashi masu ruwa, waɗanda laka mai kauri ta danne su ta bisa. Da aka soma huda su da rijiyar burtsatse, wajen ƙarshen shekarun 1950, sai ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da kansa, ba guga ba inji, kamar salkar da aka danna aka huda. Murna ta sa aka bar da yawa a buɗe dare da rana. Ruwan nan kuwa tsohon ajiya ne, ya shiga wurin tun shekaru dubbai, sa'ad da ƙasar ta fi yanzu ruwa, abin da ke ƙaruwa a kansa yau kaɗan ne. Yanzu ƙarfinsa ya ragu, waɗansu rijiyoyin sun daina zubowa.

Da aka tare kogi

A shekarar 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa kusa da Ƙaraye. Kada in rage musu kome: birnin Kano yana sha daga ruwansu, manoman Kadawa da Kura suna noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, mutane dubbai sun sami abin yi. Amma madatsa ba ta ƙaga ruwa, ajiye shi ta ke yi, rana kuwa tana shan rabonta daga fuskar tafkin kullum. Abin da aka riƙe a sama, an rage shi ne daga na ƙasa. Ga shi kuma abin ya zo daidai da shekarun fari, na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Fadamar da ta kan shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau, sai ta koma a shekaru da yawa ba ta kai rabin haka ba.

Wani abu kuma ya biyo baya wanda ba a zata ba. Dā kogin yana da hali biyu, ya yi toroƙo da damina, ya bushe da rani. Babbar ambaliya ita ke share masa hanya, fari kuwa shi ke kashe ciyayin ruwa. Da aka mai da shi mai hali ɗaya, ruwa kaɗan kaɗan shekara duka, sai laka ta kwanta a hanyoyinsa, ciyawar nan da a ke kira kacala ta samu wurin zama. Dā ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kacala ta fi mutum tsawo, ta kan yi cunkus har kwalekwale ba ya ratsawa. Ta toshe waɗansu rassan kogi, ruwa ya karkata ya bi ta Marma ya nufi Nguru, ya kwanta a kan gonakin mutane ba ya janyewa, a wani gefen kuwa ga waɗansu suna kukan ƙishirwa. Cikinta sauro ke haihuwa, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, da jan baki mai cinye hatsi. Sabo da haka ruwan Haɗeja da ke kaiwa Gashuwa ya zama kaɗan, yawancin abin da ke wucewa can na Jama'are ne, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba. An daɗe ana shawarar yi masa ɗaya a Kafin Zaki, mutanen Yobe da Barno kuwa suna ƙi, ka ga dalilinsu.

A ganina, tun da an riga an gina madatsun, maganar da ta rage ita ce ta yadda a ke buɗe su. Masana sun daɗe suna ba da shawara a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, a kuma rage shi da rani, domin kogi ya koma kusa da halinsa na dā. Faɗin haka da sauƙi, yinsa da wuya, gama mai tumatir a Kura da rani ya ke son ruwa, mai shinkafa a Gashuwa kuwa da damina.

Tafkin da ba shi da mafita

Daga Gashuwa sunan kogin Yobe. Tsakaninsa da bakin tafki ya fi kilomita 250, amma gangaren duka bai wuce mita 60 ba, sabo da haka tafiyar maciji ya ke yi, yana lauje-lauje. Ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, mutanen Difa suna noman tattasai da shi. Sai kaka ta yi nisa cikarsa ta ke isa can, bayan an daɗe da ɗauke ruwan sama. Ɗan abin da ya ragu shi ke shiga Tafkin Cadi kusa da Boso.

Kada ka zaci kogin namu ne ke cika tafkin. Abin da ya ke kawowa bai fi kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. Wajen kashi 90 daga kudu ya ke zuwa, ta kogin Shari da Logon, waɗanda suka taso daga Afirka ta Tsakiya da tuddan Kamaru, suka gamu a Injamena. Tafkin kuwa kamar faifai ya ke, faɗi ba zurfi, yawancinsa bai fi 'yan mitoci ba, rana kuma tana ɗauke masa ruwa mai zurfin fiye da mita 2 kowace shekara. Ruwa a faifai, in ya ragu da ɗan yatsa ɗaya, sai bakinsa ya ja da baya da nisa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin nan ya zo sai ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya ƙafe, har a tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan bai kai 2,000 ba. Garuruwan masunta suka wayi gari ruwa ya yi musu nisan yini. A kan ji mutane suna cewa tafkin yana ƙarewa. Abin da aka auna ya nuna tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan komo, yana hawa yana sauka bisa ga damina, yawancinsa a ɓoye cikin ciyayi, amma bai koma girmansa na 1963 ba.

Ga wata tambaya. Mun ce tururi ya kan bar gishiri a baya, kowane kogi kuwa yana ɗauke da ɗan gishirin da ya narko daga duwatsu. Tafkin da ruwa ke shiga ba ya fita, ya kamata ya zama ruwan gishiri. Me ya sa na Cadi a ke shansa? Domin akushin yana yoyo. Ruwa yana tsatsafawa ta ƙarƙashin rairayin da ke arewa da gabas, yana tafiya da gishirin. Inda ya ɓullo cikin kwaruruka ya bushe, a ƙasar Kanem, nan a ke fasa kanwa irin wadda fatake ke kawowa kasuwanninmu. Tafkin ma ba shi ne gindin akushin ba. Can arewa maso gabas, cikin hamadar ƙasar Cadi, akwai wani kwari wai shi Bodele, wanda ya fi tafkin zurfi da fiye da mita 100.

Wajen shekara 7,000 da suka wuce, a wani zamani mai yawan ruwa, kwarin nan da tafkin yanzu duk ruwa ɗaya ne, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 350,000, watau ya fi sulusin Nijeriya. Shaidarsa tana nan. Akwai wani dogon tudun yashi da tsakuwa wanda ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi arewa maso yamma. Gaɓar tsohon tafkin ke nan, inda raƙuman ruwa suka tara yashi, ga shi yau tsakaninsa da ruwa ya fi kilomita 100. Baƙar lakar nan ta firgi, inda Barebari ke dasa masakwa bayan damina, ita ma kwanciyar ruwa ce ta bar ta. A shekarar 1987 kuma wani Bafilatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya kai wajen mita 5, sai ya ci karo da itace. Da masana suka tone, sai ga kwalekwale, tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙe shi da kyau, baki da gindi a fiƙe. Da aka auna shekarunsa aka tarar sun kai wajen 8,000; ba a san jirgin ruwan da ya girme shi ba a duk Afirka. An ɗauke shi an kai Damaturu.

Kwarin Bodele yanzu busasshe ne ƙayau. Abin da ke shimfiɗe a cikinsa wata farar ƙasa ce mara nauyi, ɓawon waɗansu ƙananan halittun ruwa ne waɗanda ido ba ya gani, da suka mutu suka kwanta a gindin tafkin shekara bisa shekara. Da hunturu iskar arewa maso gabas ta kan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi, ta kwashi ƙasar nan ta yi sama da ita. Kwana ɗaya ko biyu sai hazo ya rufe Kano, rana ta yi fari kamar wata, leɓe ya tsage, jirgin sama ya kasa sauka. Wata ƙurar ta kan ƙetare teku har ta kai dazuzzukan Amurka ta Kudu. Wadda ta sauka a nan kuwa, ita ce ka ke sharewa daga kan tabarma da murfin randa da safe. Sauranta tana nan kwance bisa soraye da gonaki, har ruwan fari ya zo ya wanke ta, ta bi indararo.